Yadda Ake Zaga Sarayebo da Garuruwan Kewayenta Cikin Kwana Biyar

Sarayebo, babban birnin Bosniya, gari ne da ke kwance cikin kwari, dogo siriri, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, kogin Miljacka kuma ya ratsa ta tsakiyarsa. Wanda ya riƙe wannan a ransa tun daga farko ba zai ɓata ba. Gabas tsohon gari ne, yamma sabbin unguwanni da filin jirgi, sannan akwai taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da ke bin titi, yana kai da kawo daga wannan baki zuwa wancan. A jikin alluna za ka ga an rubuta sunan garin Sarajevo, domin su harafin j kamar y suke furta shi.

Da yawa daga cikin masu zuwa sukan yi kwana ɗaya, su ɗauki hoto a kasuwa, su wuce. Ina ganin wannan asara ce. Garin yana da kyau kuma yana da tabo, mai gaggawa ɗaya kawai yake gani a ciki. Ga tsarin da nake ba duk wanda ya tambaye ni.

Mataki na farko: abin da za ka gama tun kana gida

Fara da biza. Bosniya ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta kuma cikin yankin Shengen, tana da nata tsarin. Mai fasfo na Najeriya ko na Nijar yana buƙatar biza, amma akwai sassauci ga wanda yake riƙe da bizar Shengen ko ta Amurka mai shiga da fita sau da yawa wadda ba ta ƙare ba: ana barinsa ya yi har kwana 30. Kada ka sayi tikiti sai ka rubuta wa ofishin jakadancinsu sun amsa maka a rubuce, ka buga amsar a takarda ka sa cikin fasfo. Hanya mafi sauƙi daga ɓangarenmu ita ce ta Istanbul, daga nan zuwa Sarayebo bai cika awa biyu ba.

Sai lokaci. Watan Mayu, Yuni da Satumba su ne zaɓina. A lokacin sanyi dusar ƙanƙara na sauka, hayaƙi kuma yana taruwa a cikin kwarin ya ƙi tashi, mai ciwon ƙirji zai wahala. Ka sani kuma a watan Yuni magariba kan kai ƙarfe takwas da rabi, isha'i ta wuce goma, alfijir kuma ya keto wajen uku na dare. Jadawalin sallarsu sunansa vaktija, akwai shi a waya, ka sauke kafin ka tashi. Sunayen salloli a bakinsu su ne sabah, podne, ikindija, akšam da jacija.

Kuɗinsu marka ne, ana rubuta shi KM, kuma an ɗaure shi da yuro: yuro ɗaya marka 1.95583, kusan biyu ke nan, lissafi ba wuya. Tafi da yuro, ka canza a wuraren canji na cikin gari, ka riƙe tsaba a aljihu don ƙananan shaguna da masu sayar da tikiti ba duka ke karɓar kati ba.

Masauki kuwa, nemi wanda yake kusa da tsohuwar kasuwa, amma ka duba taswira da kyau. Gida zai iya zama mita ɗari uku daga kasuwa alhali duk hawa ne mai tsini. Na taɓa kama ɗaki irin wannan, da akwati mai nauyi, kullum komawa gida sai na tsaya hutawa sau biyu. Idan da dattijo ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, a tsaya a ƙasa kusa da kogi. Ka tabbatar kuma masu masaukin sun yi maka rajista da 'yan sanda, doka ce, otal-otal su ke yi da kansu.

Mataki na biyu: rana ta farko, da ƙafa kawai

Ka fito da safe zuwa Baščaršija, ana furta shi Bashcharshiya, tsohuwar kasuwar da ta kafu a ƙarni na 15 zamanin Isa-beg Ishaković, wanda ya assasa garin a ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa. A tsakiyar filin akwai Sebilj, mashayar ruwa ta katako mai ƙubba, tantabaru sun cika gabanta. An fara gina ta a 1753, wadda ke tsaye yau ta 1891 ce. Ruwan mai kyau ne, ka sha ka cika gora. Mutanen gari sukan ce wanda ya sha zai dawo.

Daga nan ka shiga layin Kazandžiluk, layin maƙeran tagulla. Tun kafin ka kai za ka ji ƙarar guduma. Kada ka yi sayayya yau, duba kawai ka tambayi farashi. Wanda aka ƙera da hannu yana da nauyi kuma sau da yawa akwai tambarin maƙerin a ƙasansa, wanda aka shigo da shi daga waje sakayau yake.

Ka tsara tafiyarka yadda azahar za ta same ka a masallacin Gazi Husrev-beg, wanda 'yan gari ke kira Begova džamija. Nan ne zuciyar garin. An gama shi a 1531, kuma gwamnan da ya gina shi bai tsaya a masallaci ba: ya bar waƙafi mai makaranta da aka buɗe a 1537, da ɗakin karatu, da kasuwa mai rufi, da masaukin fatake, da gidan ciyar da mabuƙata. Makarantar tana aiki har yau. Kabarinsa na nan a harabar masallacin. Bayan sallar azahar kada ka yi saurin tashi, domin akwai alarammomi da ke raba izu tsakaninsu su sauke Alƙur'ani kullum, bisa sharaɗin da mai waƙafin ya gindaya. Ni abin da ya fi taɓa ni a garin ke nan: mutum ya rasu tun 1541, amma wasiyyarsa ba ta yanke ba.

Musulman Bosniya 'yan mazhabar Hanafiyya ne, saboda haka za ka ga ƙananan bambance-bambance da abin da muka saba a Malikiyya. Bayan sallama ana zama a yi tasbihi tare, ladan na jagora, wani ya miƙo maka carbi. Karɓi ka ce hvala, wato na gode. Mata suna da wurinsu. Da ka fito ka ɗaga kai ka dubi hasumiyar agogo da ke gefe, Sahat-kula. Za ka zaci agogon ya lalace, amma lafiyarsa ƙalau: ƙarfe 12 nasa yana bugawa ne daidai faɗuwar rana, kuma akwai ma'aikaci na musamman da ke hawa yana daidaita shi, tunda magariba kullum matsawa take yi.

Abincin rana ba sai ka yi nisa ba. Ćevapi, wato chebapi, niƙaƙƙen nama ne da ake mulmulawa kamar yatsu a gasa a kan gawayi, a zuba cikin gurasa mai suna somun da ɗanyar albasa. Ana sayarwa biyar ko goma, goma na ƙosar da babban mutum. Ka nemi a ƙara maka kajmak, wani maiƙon madara mai kauri. Akwai kuma burek, siririn ƙullu da aka naɗe nama a ciki aka gasa, ana aunawa a sikeli. A Bosniya mai nama kaɗai ake kira burek. Mai cuku sirnica ne, mai dankali krompiruša, mai alayyahu zeljanica. Cikin tsohuwar kasuwa nama na shanu da rago ne, amma idan ka fita sabbin unguwanni ko wasu garuruwa ka tambaya, domin ƙasar ta Musulmi ce da Kirista. Kalmar da za ka kiyaye a jikin takardar abinci ita ce svinjetina, naman alade.

Bayan abinci ka zauna a Morića Han, tsohon masaukin fatake, ka sha gahawa irin tasu. Ana kawo ta cikin 'yar tukunyar tagulla mai dogon hannu, da ƙaramin finjali, da sukari mai ƙwaya da alewar rahat lokum. Ba a zuba sukarin ciki. Gutsura ake yi a riƙe a baki, a kurɓa a kai. Kuma ba a shanta a tsaye.

Da la'asar ka bi titin Ferhadija zuwa yamma. Akwai wani layi da aka zana a ƙasa, idan ka tsaya a kansa ka dubi gabas kamar kana Istanbul, ka juya yamma kamar kana Biyana, babban birnin Ostiriya, saboda daular Ostiriya da Hangari ta karɓi ƙasar a 1878 ta yi nata gine-ginen. Cikin tafiyar minti goma za ka wuce masallaci, da babban cocin Katolika, da na Otodoks, da wurin ibadar Yahudawa. Ka riƙa duban ƙasa: inda ka ga tabon fashewa an cike shi da jan abu, nan ne harsashin igwa ya faɗo ya kashe mutane lokacin yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995. Suna kiransu furannin Sarayebo. Kada ka taka.

Ka gangara kogi zuwa gadar Latin. A kusurwar titin da ke bakinta ne Gavrilo Princip ya harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya da Hangari, da matarsa Sophie ranar 28 ga Yuni, 1914, abin da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wurin ƙarami ne, minti goma ya isa. Daga nan ka bi kogi zuwa gabas har Vijećnica, ginin mai ratsin ja da rawaya da aka buɗe a 1896. Shi ne ɗakin karatu na ƙasa lokacin da aka yi masa ruwan wuta a daren 25 ga Agusta, 1992, littattafai da takardu kusan miliyan biyu suka ƙone. An sake buɗe shi a 2014.

Rufe ranar a Žuta tabija, ganuwar da ke saman unguwar Kovači. Hanyar ta ratsa maƙabartar shahidai, inda aka binne Alija Izetbegović, shugaban ƙasar na farko, wanda ya rasu a 2003. Ka karanta shekarun da ke jikin fararen duwatsun: 1992, 1993, 1994, yawancinsu samari. A saman ganuwar ka jira magariba, ka ji kiran salla na tashi daga hasumiya zuwa hasumiya a cikin kwarin. Da azumi daga nan ake buga igwar shan ruwa.

Mataki na uku: rana ta biyu, rami da dutse

An yi wa Sarayebo ƙawanya daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, kwana 1,425. Sojojin Sabiyawan Bosniya sun girke manyan bindigogi a kan duwatsun da ka gani jiya. Fiye da mutum 11,000 aka kashe, cikinsu da yara fiye da 1,500. Babu wuta, babu ruwan famfo, ga sanyi. Abin da ya riƙe garin shi ne wani rami mai tsawon kusan mita 800 da aka haƙa da hannu a 1993 ta ƙarƙashin filin jirgi, ya haɗa Dobrinja da Butmir. Ta nan abinci da mai da makamai suka shiga, ta nan aka fitar da masu rauni.

Don zuwa can, sayi tikitin taram a ɗan shagon jarida, ka hau mai lamba 3 daga Baščaršija zuwa tasha ta ƙarshe, Ilidža. Da ka shiga ka buga tikitin a na'ura nan take, masu bincike suna cin tara ba sa sauraron uzurin baƙunta. Daga Ilidža ka ɗauki tasi zuwa Tunel spasa, wato gidan tarihin ramin, ka ce a kunna mita. Gidan tarihin gidan iyali ne da bakin ramin yake ciki, bangonsa duk hudar harsashi. Za ka sunkuya ka bi wani ɓangare na ramin, tsayinsa bai kai na mutum ba. Ka tuna mutane sun bi shi ɗauke da kaya masu nauyi, ruwa har gwiwa. Ba shi awa ɗaya da rabi, ka kalli faifan da suke nunawa.

Tunda kana Ilidža, kada ka koma ba ka je Vrelo Bosne ba, idon ruwan da kogin Bosna ke ɓulɓulowa a gindin dutsen Igman. Hanyar zuwa doguwa ce miƙaƙƙiya, fiye da kilomita uku, manyan itatuwa sun yi mata rumfa. Ka taka da ƙafa ko ka hau keken doki, amma a yi ciniki kafin hawa. Bayan ramin, wannan inuwar da ruwan sanyi suna sauke wa mutum nauyin ƙirji.

Idan da sauran rana, koma cikin gari ka hau motar waya, wato akwatin ɗaukar mutane da ke tafiya rataye a jikin waya, zuwa dutsen Trebević. Suna kiranta žičara, tasharta na tsallaken kogi daga Vijećnica. An lalata ta a yaƙi, aka sake buɗewa ranar 6 ga Afrilu, 2018. Hawan bai kai minti goma ba. A sama akwai kangon hanyar tseren ƙanƙara ta wasannin Olamfik na hunturu na 1984. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: ko a nan ko a kowane daji na Bosniya, kada ka sauka daga hanyar da mutane ke bi. Har yanzu akwai nakiyoyin da aka binne ba a gama tonewa ba, jan allo mai hoton ƙoƙon kai alamarsu ce.

Mataki na huɗu: Mostar da Blagaj

Wannan ita ce fita mafi daɗi, kuma jirgin ƙasa ya fi mota. Yana tashi da sassafe wajen ƙarfe bakwai, ya yi kamar awa biyu, ya dawo da yamma. Je tasha tun jiya ka duba lokaci ka sayi tikitin zuwa da dawowa. Ka zauna jikin taga, domin bayan garin Konjic jirgin yana bin kogin Neretva, ruwa kore shar tsakanin duwatsu masu tsayi. Idan jirgi ya kuɓuce maka, tashar bas tana maƙwabtaka da ta jirgin.

Daga tashar Mostar zuwa tsohuwar gada tafiyar minti ashirin ce. Stari Most gada ce mai baka ɗaya da magini Hajrudin ya gama a 1566 bisa umarnin Sarki Sulaiman na daular Usmaniyya. Ta yi shekara 427 a tsaye kafin sojojin Kuroshiyawan Bosniya su rushe ta da igwa ranar 9 ga Nuwamba, 1993. An sake gina ta da irin dutsenta na asali aka buɗe a Yulin 2004. Dutsen yana da santsi ƙwarai, ka sa takalmi mai riƙo, ka riƙa dafa ƙafa a kan tudun layukan da aka gindaya. Samarin gari suna tara kuɗi daga 'yan kallo su yi tsalle cikin ruwa daga tsayin da ya haura mita 20. Su sun ƙware, ruwan kuma sanyinsa na ƙanƙara ne, ba abin gwaji ba ne ga baƙo.

Inda za ka ga gadar da kyau shi ne harabar masallacin Koski Mehmed-paša. Ana biyan kuɗi a hau hasumiya, matakalar matsattsiya ce, mai jiri ya tsaya a ƙasa, ganin ƙasan ma ya isa. Ka gama da Mostar kafin azahar, don da rana motocin 'yan yawon buɗe ido na cika layukan, a watan Yuli da Agusta kuma zafin garin ba ya da maraba da namu.

Sannan ka ɗauki tasi ko bas zuwa Blagaj, kilomita 12. A can kogin Buna yake fitowa gaba ɗayansa daga bakin kogo a gindin wani dutse mai tsayin kusan mita 200, a jikin dutsen kuma ga zawiyyar sufaye fara, tun ƙarni na 16. Cire takalmi, mata su rufe kai, ana ba da mayafi a ƙofa. Ka zauna a ɗakin zikiri jikin taga, ruwa na gudu a ƙarƙashinka. Tsallaka gada ka ci gasasshen kifi a bakin ruwa, ido na kan agogo saboda jirgin komawa.

Za a yi maka tayin haɗa Počitelj da magangarar ruwa ta Kravica a rana ɗaya. Ana iya yi da motar haya, amma kowane wuri leƙe kawai za ka yi. Kravica da bazara wurin wanka ne, jama'a cikin kayan iyo, mai tafe da iyali ya san da wannan.

Mataki na biyar: Srebrenica

Ware mata rana guda, kada ka haɗa ta da komai. A jajiberi ka shiga Galerija 11/07/95 da ke kusa da cocin Katolika, ka ga hotuna ka ji shaidar waɗanda suka tsira, don ka je da sani.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana Srebrenica, wani gari a gabashin Bosniya, a matsayin tudun mun tsira a 1993. Ranar 11 ga Yuli, 1995, sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin kwamandansu Ratko Mladić suka shiga garin, dubban mutane suka gudu ƙauyen Potočari da ke kusa, inda dakarun Holan na Majalisar suke a wata masana'antar batir. Aka ware maza daga mata. Cikin 'yan kwanaki aka kashe maza da yara maza Musulmi fiye da 8,000. Kotunan duniya sun yanke cewa kisan ƙare dangi ne, Mladić kuma an ɗaure shi rai da rai.

Tafiyar kamar awa biyu da rabi zuwa uku ce a mota, ta hanyar duwatsu. Bas ba shi da yawa, gara ka shiga ayarin masu jagora da ke tashi daga Sarayebo da safe, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota. A Potočari maƙabarta na gefe ɗaya na titi, masana'antar da ta zama gidan tarihi na ɗaya gefen. Fara da masana'antar. A maƙabarta akwai dutse mai lamba 8,372, da zagayayyen bango na sunaye, inda za ka ga sunan gida ɗaya ya jeru layi bayan layi, uba da 'ya'ya da jikoki. Kaburbura sun haura 6,000, kuma kowace 11 ga Yuli ana binne waɗanda aka gano ƙasusuwansu. Sa tufafi na kamala, rage murya, kada ka ɗauki hoton kanka kana murmushi. Idan ka ga tsohuwa zaune gaban kabari, yi mata sallama ka wuce, sai in ita ta fara magana. Akwai rumfar salla a wurin, ka yi alwala ka yi musu addu'a.

Mataki na shida: rana ta ƙarshe

Mai sauran ƙarfi ya hau bas zuwa Travnik, kilomita kamar 90, inda waziran Turkawa suka zauna suna mulkin Bosniya kusan shekara 150. Akwai ganuwa a kan tudu, da masallaci mai zanen furanni a bango da ake kira Šarena džamija, da idon ruwan Plava voda. Rabin yini ya isa.

Wanda ya gaji kuma ya koma Kazandžiluk ya sayi tukunyar gahawar da ya gani ranar farko, yanzu ya san farashi. Ka haɗa da niƙaƙƙiyar gahawa da rahat lokum na tsaraba. Ka canza sauran marka zuwa yuro kafin ka bar gari, domin da wuya ka sami mai karɓarta a waje, ka bar kuɗin tasi kawai. Filin jirgi bai fi kilomita goma sha biyu daga kasuwa ba, amma titin kan cushe da yamma, ka fita da wuri. Idan za ka yi wa mai masauki ban kwana, ce masa Allahimanet, haka suke cewa.